Al'adun Ƙasar Gumel

Al'adun ƙasar Gumel su ne bukukuwa da kaɗe-kaɗe da wasanni da sana'o'in hannu da sauran hanyoyin zaman tare na mutanen Masarautar Gumel, wadda ke arewacin Jihar Jigawa a Najeriya, a kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma tana ɗaya daga cikin masarautu biyar na jihar, tare da Dutse da Haɗeja da Kazaure da Ringim. Ana yi wa Gumel laƙabi da Lautai.

Yawancin al'adun yankin iri ɗaya ne da na sauran ƙasar Hausa. Sai dai abubuwa uku sun ba su kamanni na daban. Na farko, gidan sarautar Gumel na Mangawa ne, kuma masarautar ta daɗe tana bin Barno, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba. Na biyu, iyakar da Turawa suka shata ta raba dangi ɗaya gida biyu, wasu a Najeriya wasu a Nijar. Na uku, kasuwar dabbobi ta Maigatari tana tara baƙi daga ƙasashe daban-daban kowane mako, su zo da hajarsu da harshensu da labaransu.

## Ƙasa da jama'a

Garin Gumel yana da nisan kimanin kilomita 120 arewa maso gabas da birnin Kano, a kan hanyar da ta haɗa Kano da Haɗeja. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai rairayi da jigayi, kuma babu babban kogi da ya ratsa ta, saboda haka jama'a sun dogara ga rijiyoyi da burtsatse da tafkunan da ke cika da damina. Ruwan sama yakan sauka tsakanin watan Yuni da Satumba, kuma bai kai na kudancin jihar yawa ba. Itatuwan da aka fi gani su ne kuka da gawo da aduwa da magarya da kanya da tsamiya, sai darbejiya da aka dasa a gefen hanyoyi da cikin garuruwa.

A ƙidayar 2006, Maigatari ce ta fi yawan jama'a da mutum kusan 180,000. Sule Tankarkar na da kimanin 130,000, Gumel na da sama da 100,000, Gagarawa kuma kimanin 80,000. Jimillar ta kusa rabin miliyan. Bayan hedikwatocin ƙananan hukumomin, akwai garuruwa irin su Ɗanzomo da Jeke da Ɗangwanki da Ɗanladi a Sule Tankarkar, da Galadi da Jajeri da Matoya a Maigatari, da Medu da Madaka da Garin Ciroma a Gagarawa.

Mazauna yankin Hausawa ne da Fulani da Mangawa, waɗanda reshe ne na Barebari. Hausa ita ce harshen gida da kasuwa da fada. Fulanin rugage suna riƙe da Fulatanci, yayin da mafi yawan zuriyar Mangawan cikin gari suka koma Hausa. Kusan dukkan jama'ar Musulmi ne. Noma da kiwo su ne manyan sana'o'i, kuma ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo da kankana.

## Tushen tarihi

An kafa masarautar wajen shekarar 1750 a hannun Ɗanjuma da mabiyansa Mangawa. Bayan rasuwarsa a 1754 ta zama mai biyan gaisuwa ga Barno. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a farkon ƙarni na 19, maƙwabtanta Kano da Haɗeja da Kazaure sun shiga hannun masu tuta, amma Gumel ta tsaya a ɓangaren Barno. Wannan ya sa ta zama garin kan iyaka tsakanin manyan dauloli biyu.

Sarkin da ya fi shahara a wancan zamani shi ne Muhammadu Ɗantanoma, wanda ya yi sarauta daga 1828 zuwa 1851. A zamaninsa ne fadar ta tashi daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, ta dawo garin Gumel. Har yau akwai mazaɓa mai sunansa a cikin garin. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gumel a watan Maris na 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya bayyana garin da cewa babbar kasuwar kanwa ce, inda ake sauke kanwar Barno da Muniyo kafin a wuce da ita kudu har ƙasar Nufe. Da ya sake biyowa a 1854 ya tarar da rikicin gadon sarauta tsakanin 'ya'yan Ɗantanoma ya durƙusar da garin.

Sauran ƙarnin ya ƙare ne cikin yaƙe-yaƙe da Haɗeja da Kano da Damagaram. An kashe Sarki Abdullahi a yaƙi da Haɗeja a 1872, kuma hare-haren Damagaram na ƙarshen ƙarnin sun rage yawan jama'ar ƙasar ƙwarai. A 1903 Sarki Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila, aka sanya Gumel cikin Lardin Kano. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906, da aikin kafa alamun iyaka da ya biyo baya, su ne suka bar tsohuwar fadar Tumbi a ɓangaren Faransa. Gumel ta zauna cikin Jihar Kano har ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

## Sarauta da fada

Fadar Sarkin Gumel ita ce cibiyar bukukuwan gargajiya na masarautar. Tsarin mulkin gargajiya yana sauka ne daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima, da kuma laƙabin Maina da ake yi wa ɗan sarki, duk asalinsu daga Barno ne, kuma a Gumel sun dace da tushen gidan sarautar kansa.

Maina Muhammadu ya hau gadon sarauta a 1944, ya ga ƙarshen mulkin Turawa da zamanin En'e da soke ta. Ɗansa Alhaji Ahmad Muhammad Sani ya gaje shi a farkon shekarun 1980 a matsayin sarki na 16. Kafin nan ya riƙe muƙamin kwamishinan yaɗa labarai na tsohuwar Jihar Kano a gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi.

Tun bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sarakuna ba su da iko da kotu ko 'yan doka ko haraji. Duk da haka fada na nan da aikinta. A nan ake sasanta rikicin gona da gado da na manoma da makiyaya, a nan ake naɗa sarakunan sana'a kamar Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da Sarkin Noma, kuma ta hannun hakimai da dagatai ake isar da sanarwar ganin wata da rigakafi da rajistar zaɓe. Bikin naɗin sarauta yana daga cikin manyan tarukan da ke cika gari da dawaki da makaɗa.

## Zagayowar shekara

Harkokin jama'a suna bin kalanda biyu a lokaci guda. Ta farko ita ce ta noma: bazara, damina, kaka da rani. Da bazara ake sharar gona da kai taki, wasu kuma su yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko. Da damina gari kan yi tsit da rana domin kowa yana gona. Kaka lokacin wadata ce, shi ya sa aure da dambe da kokawa da kalankuwa suka fi yawa a cikinta. Da rani matasa da yawa suna tafiya ci-rani Kano ko Abuja ko Legas ko Fatakwal, su dawo gab da faɗuwar ruwa.

Ta biyu ita ce kalandar Musulunci, wadda ke ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Saboda haka Sallah takan faɗo wani lokaci a kaka, wani lokaci a tsakiyar damina. Sallar da ta zo bayan girbi ta fi armashi, domin akwai hatsi a rumbu da kuɗi a hannu. Wadda ta zo da damina kuwa takan tarar da rumbu ya yi ƙasa, mutane kuma na sauri su koma noma.

## Hawan Sallah

Hawan Sallah shi ne babban bikin masarautar, kuma ana yin sa a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah. Hakimai suna shigowa Gumel daga gundumominsu da dawakinsu da mutanensu. Ranar idi sarki yakan fita masallacin idi, bayan an sauko ya hau ya koma fada cikin rakiyar hakimai, inda yake yi wa jama'a jawabi a kan zaman lafiya da noma da tarbiyya da kiwon lafiya. A kwanakin da ke biye ana yin wasu hawan, ciki har da Hawan Bariki, wanda ya samo asali daga ziyarar da sarki kan kai wa jami'in Turawa a barikinsa, yanzu kuma hukumomin gwamnati ake kai wa ita.

Jerin gwanon yana da tsari. Kowane hakimi yana tafe da tawagarsa da makaɗansa, kuma akan gane tawaga da launin tufafinta. Akwai 'yan lifidi da 'yan sulke da 'yan baka da 'yan bindiga masu harba bindigar gargajiya, sai dogarai da zagage kewaye da sarki a ƙarƙashin laima. Ana rufewa da jafi, inda mahaya ke sukuwa su ja linzami a gaban sarki su ɗaga hannu.

Hawa yana ciyar da sana'o'i da yawa. Baduku ne ke yin kayan doki, maƙeri ya yi linzami da likkafa, masassaƙi ya yi ƙwarangwal ɗin sirdi, maɗinki ya yi jalala da riguna. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu, abin da ya ƙara jawo hankali ga irin wannan hawa a sauran masarautun arewa.

## Bukukuwan addini da karatu

Da watan azumi ana tafsiri a masallatai da ƙofar fada, ana kuma ciyarwa a unguwanni. Daga goma ga wata yara da samari suke fara tashe bayan shan ruwa, suna bin gidaje da wasannin barkwanci masu ɗauke da gargaɗi, ana ba su hatsi ko kuɗi. A watan Muharram ana cika-ciki. A watan Rabi'ul Awwal mabiya ɗarikun Tijjaniyya da Ƙadiriyya suna Maulidi da karatun Ishiriniya da zagayen ɗaliban Islamiyya, yayin da 'yan Izala suka fi ba da ƙarfi ga wa'azi da musabaƙar Alƙur'ani.

Karatun allo tsoho ne a yankin, kasancewarsa a kan hanyar Barno, inda almajirai suka saba tafiya gabas neman tilawa. Tsangayu na nan a garuruwa da ƙauyuka, kuma alarammomi suna rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin kara da tawadar gargajiya. Saukar karatu biki ne na iyali, inda ake zayyana allo da launuka, ɗalibi ya karanta a gaban malamai, a yi walima. Zayyanar allo da ɗinkin gafaka suna daga cikin fasahohin da addini ya raya.

## Aure da haihuwa

Matakan aure su ne na ƙasar Hausa: na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, sa rana, lefe, kamu, sa lalle, ɗaurin aure, kai amarya, buɗar kai da gara. Iyayen amarya ne ke yin kayan ɗaki, kuma uwa takan shafe shekaru tana tara su ta hanyar adashi da kiwon awaki. Ranar bakwai ga haihuwa ake raɗa suna da safe a yanka rago, wanzami ya yi aski, mata su yi yini.

Aure tsakanin garuruwan iyaka da na Nijar abu ne na yau da kullum. Sau da yawa 'yan kai amarya daga ƙasar Maigatari ko Sule Tankarkar sukan tsallaka ƙauyukan jihar Damagaram su dawo a yini ɗaya, haka ma 'yan ta'aziyya da masu zuwa suna. Shi ya sa rufe iyaka ke taɓa zumunci kamar yadda yake taɓa ciniki.

## Kiɗa da waƙa

Kiɗan fada ya ƙunshi tambari da kakaki da algaita da farai da ganguna. Tambari da kakaki na sarki ne kaɗai, ba a kaɗa wa talaka ko a busa masa. Maroƙa da 'yan ma'abba suna riƙe da jerin sunayen sarakuna da kirarinsu da ka, saboda haka su ma wata taska ce ta tarihin baka.

A wajen fada kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata, gangar noma ta manoma ce ranar gayya, maharba da 'yan tauri kuma suna da nasu take. Mata suna kiɗan ƙwarya da amada a cikin gida lokacin biki, suna kuma da waƙoƙin daka da niƙa da reno. Fulani suna busa sarewa a wajen kiwo. Akwai kuma masu kukuma da gurmi da garaya da ke bin kasuwanni da bukukuwa.

Tun daga shekarun 1990, finafinan Hausa da waƙoƙin situdiyo sun sauya kiɗan biki. A yau an fi ɗauko mai na'urar sauti a kan a kira makaɗi, kuma matasa na tura wa juna waƙa ta waya. Sha'irai masu begen Annabi suna da kasuwa sosai, musamman a watan Maulidi.

## Wasanni

Dambe da kokawa su ne manyan wasannin kaka. Dambe a asali wasan mahauta ne, ɗan wasa yana naɗe hannu ɗaya da zare, kuma wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ne ya yi kisa. Kokawa tana da ƙarfi a garuruwan iyaka saboda kusanci da Nijar, inda ita ce wasan ƙasa, kuma jama'a na bin gasar takobi ta can a rediyo da waya. Fulani suna yin sharo a lokacin bukukuwa, inda saurayi ke tsayawa a yi masa bulala ba tare da ya nuna jin zafi ba. Yara maza suna langa, 'yan mata suna gaɗa a dandali da farin wata, dattawa kuma suna dara a gindin bishiya. Ƙwallon ƙafa ita ce ta fi jan matasa a yanzu, kuma gidajen kallon ƙwallon Turai sun bazu har ƙauyuka.

## Sana'o'in hannu da abinci

Maƙera suna ƙera fartanya da garma da lauje da gatari da wuƙa, kuma kasuwarsu ta fi ci gab da damina. Majema suna jeme fatar akuya da tunkiya da bagaruwa, dukawa su mayar da ita takalma da kube da laya da kayan doki. Mata suna saƙa tabarma da faifai da kaba, suna ginin tukwane da tuluna, suna ɗinkin hula. Masassaƙa suna yin turmi da taɓarya da akushi da ƙota, 'yan gyartai kuma suna ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Magina na gargajiya suna gina soro da rumbu da tubali da makuba. Akasarin waɗannan sana'o'i gado ne, ɗa yana koya a gindin mahaifinsa.

Gero shi ne tushen abinci. Da shi ake tuwo da fura da kunu da koko. Ana cin tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa, akwai kuma dambu da ɗanwake da fate. Mata suna matse gyaɗa su fitar da mai da ƙuli-ƙuli, suna yin kantu da riɗi, suna jiƙa zoɓo. Matan Fulani suna kawo nono da man shanu cikin gari kowace safiya. Daga Nijar ake shigo da cuku da dabino da kanwa.

## Kasuwar Maigatari

Kasuwar Maigatari tana ci ranar Alhamis, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewacin Najeriya. Ana kawo shanu da raƙuma da tumaki da awaki da dawaki da jakuna daga Nijar da ƙasashen da ke bayanta, a loda su a manyan motoci zuwa Kano da kudancin Najeriya. 'Yan Nijar kuma suna komawa da hatsi da tufafi da kayan masarufi. Ana ciniki da naira da sefa, kuma 'yan canji suna zaune a bakin kasuwa.

Ciniki yana tafiya ne ta hannun dillali da fatoma. Fatoma shi ke saukar da baƙo, ya ba shi masauki, ya tsaya masa a kan dabbarsa, dillali kuma ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada. Amana ce jarin wannan tsari, domin sau da yawa ana ba da dabbobi bashi sai kasuwa ta zagayo. Maigatari kuma matattara ce ta riɗi da zoɓo, kuma ana fitar da zoɓon Jigawa har ƙasar Meziko. Mata da yawa suna samun abin hannu daga tsince shi da gyara shi. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa yankin ciniki maras haraji a garin.

Ranar kasuwa ba ta ciniki kaɗai ba ce. A nan ake raba goron gayyatar biki, a ji rasuwa da haihuwa, makaɗa da masu magani da masu wa'azi su baje kolinsu.

## Yadda labari ke yaɗuwa

A da, sanarwar sarki tana isa ga jama'a ta bakin mai shela, wanda ke zaga gari da ganga ko da murya. Masallacin Juma'a da kasuwa da majalisar ƙofar gida su ne sauran wuraren jin labari, fatake da mahajjata kuma su ne ke kawo na nesa. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, kuma garin Gagarawa Tasha ya samu sunansa daga tashar jirgin. Ta nan gyaɗa ke fita, wasiƙu da baƙi kuma su shigo.

Rediyo ita ce ta fi kowace kafa isa ƙauye. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Rediyon Faransa a 2007. A cikin jiha akwai Rediyon Jigawa da Freedom Radio a Dutse, kuma a garuruwan iyaka ana kama tashoshin Nijar. Shirye-shiryen gaishe-gaishe da sanarwar ɗaurin aure da cigiyar dabbar da ta ɓata suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da labaran duniya.

Bayan zuwan wayar salula a 2001, da intanet daga baya, matasa sun buɗe shafuka a Facebook da zaurukan WhatsApp na garuruwansu, inda suke saka hotunan hawa da naɗin sarauta da farashin kasuwa da koke-koken hanya da ruwan sha. 'Yan ci-rani suna bin labarin gida ta nan. Matsalar ita ce jita-jita ma tana bin wannan hanya, kuma takan riga gyara isa.

## Al'amuran baya-bayan nan

A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu domin hana fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa. Ranar 16 ga Disamba, 2020, aka buɗe guda huɗu, Maigatari na cikinsu, tare da Seme da Illela da Mfum. A shekarar 2020 ɗin kuma annobar korona ta sa an dakatar da hawan Sallah a masarautun arewa. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, abin da ya buga kasuwannin karkara da ba su saba da tura kuɗi ta waya ba.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, aka sake rufe iyaka. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, aka buɗe iyakar a watan Maris. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso, kuma gab da Babbar Sallar shekarar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya rage abin da ke shigowa Maigatari, ya kuma taɓa dillalai da direbobi da 'yan dako da masu sayar da abinci.

A Gagarawa, shirin noman rake da kafa masana'antar sukari na kamfanin Lee Group, a kan fili mai kimanin hekta 12,000, ya jawo muhawara a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar. Gwamnati ta ce zai samar da ayyukan yi, wasu manoma kuma suka koka a kan gonakin gado da batun diyya.

## Ilimi da sanannun mutane

A Gumel ne Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa take, wadda ke horar da malaman makaranta, akwai kuma makarantar sakandaren kimiyya ta Lautai. Daga cikin sanannun 'yan masarautar akwai Injiniya Habu Gumel, wanda ya shugabanci kwamitin wasannin Olamfik na Najeriya, da Farfesa Abba Gumel, masanin lissafi da ke koyarwa a Amurka, da Sanata Abdullahi Abubakar Gumel, wanda ya wakilci Jigawa ta Arewa maso Yamma daga 2015 zuwa 2019. Ahmad Mahmud Gumel ya yi mataimakin gwamna daga 2007 zuwa 2015, Injiniya Aminu Usman kuma ya hau wannan kujera a 2023.

## Ƙalubale

Kwararowar hamada da ƙarancin ruwa suna rage amfanin gona da makiyaya, kuma Jigawa na cikin jihohi 11 da ke cikin shirin dasa itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa. Idan kaka ba ta yi kyau ba, biki da wasa su ne ke fara raguwa. Kayan roba da na ƙarfe sun kore ƙwarya da akushi da tulu daga gidaje da yawa, kuma 'ya'yan masu sana'ar gado suna barin ta su kama acaɓa ko ci-rani. Tsadar dawa da harawa ta sa riƙon doki ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi nauyi, har wasu mahaya sai sun yi haya ranar hawa.

Babban ɓangare na tarihin masarautar, da kirarin sarakunanta, da waƙoƙin mata da na noma, yana kan harshen tsofaffi ne, kaɗan ne aka rubuta ko aka naɗa. A garuruwa irin su Ɗanzomo da Medu da Galadi, abin da ɗaliban kwaleji da matasa masu waya suka ɗauka daga bakin dattawa shi ne zai rage wa na baya.